Lajna Ta Zo Hillat Sodangi

Duk wanda ya san Almu ɗan Yakubu ya san shi da rashin zama wuri ɗaya. In ya zauna ƙafarsa na kaɗawa, in ya tashi sai ya yi ta kewaya ɗaki kamar wanda ya ajiye abu ya manta inda ya sa shi. A jami'ar da yake koyarwa a Hartum, inda ba a san shi da Almu ba sai Ustaz Mustafa, ɗalibai sun ce ba a taɓa ganin ya gama darasi a gefen allon da ya fara ba. Mahaifiyarsa, Iya Mairama, ba ta ga abin mamaki a ciki ba. Ta ce gado ne. Kakansa ya baro ƙasar Sakkwato da ƙafa zai tafi Makka, ya tsaya kusa da kogin Nilu don ya huta ya yi noman damina ɗaya, hutun nan kuwa har yau ba a gama shi ba.

A Hillat Sodangi aka haife shi, wani ƙauyen Hausawa da ke bakin tur'a, wato hanyar ruwan da ke tahowa daga madatsar Makwar tana shayar da gonakin auduga. Mahaifinsa ya sami hawasha, gonar da ake ba manomi a cikin shirin noman Jazira, ya nome ta har ya rasu. Amma in ka tambayi tsofaffin ƙauyen ko nan ne garinsu, sai su ce a'a, su a kan hanya suke. An haifi 'ya'yansu a nan, an binne iyayensu a nan, duk da haka a kan hanya suke.

Ita kuwa Iya Mairama, Allah ya yi mata baki. Tun asuba take farawa. Ta yi magana da kaji, ta yi da tukunya, ta yi da maƙwabciya ta kan katanga, in ba kowa ta yi da marigayi Yakubu ta gaya masa abin da ya bari bai gyara ba. Duk wannan da Sakkwatanci tsantsa. Larabcinta bai wuce na sayen gishiri a kasuwa ba, shi ma in ta yi sai masu shago su sunkuyar da kai suna murmushi. In Almu ya sauka daga lori a bakin tur'a, tun bai ga gidansu ba yakan jiyo ta.

Karatu ya kai shi Wad Madani, daga nan ya kai shi Hartum. A makarantar kwana ya ji an kira shi Fallata, sunan da ake laƙaba wa 'yan asalin ƙasashen yamma, ba sau ɗaya ba, kuma ba da fatan alheri ba. Ya koyi tuɓe Hausa a ƙofa kamar takalmi, ya goge Larabcinsa har ya fi na masu yi masa dariya, ƙarshe ma aka ɗauke shi ƙaramin malami a sashen harsuna. Ya ɗauka ya huta, ashe bai huta ba. Wani hutu da ya je gida ya tarar Iya na ba 'ya'yan ƙanwarsa Lami labari, ta zo wurin da kowa ke fashewa da dariya, yaran suka tsaya suna kallonta, sannan babbar ta tambayi uwarta da Larabci me kaka ke cewa. Iya ta ci gaba da labarinta kamar ba ta ji ba. Abin ya tsaya wa Almu a rai, ya koma Hartum da shi.

A farkon shekarun saba'in jami'ar ta fara buɗe kwasa-kwasai a kan harsunan ƙasa. Aka sa harshen Nuba, aka sa na Beja, aka sa na Dinka. Almu ya duba jerin nan ya ji ƙafarsa ta fara kaɗawa. Ya zauna, iyakar zaman da zai iya, ya tsara kwas ɗin Hausa: abin da za a koya a zangon farko da na biyu, littattafan da za a nemo daga Zariya, da wanda zai zo daga waje ya duba jarrabawa. Bai gaya wa mutanen gida ba. Wa zai yarda a Hillat Sodangi cewa maganar da ake yi wa kaji za a koyar da ita a jami'a? Ya bari sai abin ya tabbata.

Wanda bai taɓa neman a amince da sabon kwas ba bai san haƙuri ba. Majalisar sashe ta ce sa'o'in sun yi yawa, ya rage. Majalisar tsangaya ta ce sun yi kaɗan, ya mayar. Wani ya ce sunan kwas ɗin ya yi tsawo, wani ya ce wa zai koyar in Ustaz Mustafa ya kwanta ciwo. Ya hau bene ya sauka, ya tare mutane a baranda da wurin shan shayi, har wasu suka fara canza hanya in sun hango shi tafe da sauri. Shekara ta juyo kafin maganar ta kai gaban lajnar manhaja, wato kwamitin tsara karatu, wadda ita ce mai yanke hukunci kafin majalisar jami'a ta sa hannu. A bakin Almu kalmar lajna ta zama kamar gaisuwa. Lajna ta ce, lajna ta ɗage, lajna za ta zauna.

Da lajnar ta zauna, sai ga shi ba wanda ya ƙi kwas ɗin. Suka ce yana da amfani ƙwarai: ga hulɗa da Nijeriya, ga alhazan da ke ratsa ƙasar. Matsalar ɗaya ce. Manhajar jami'ar gida biyu gare ta, harsunan Sudan da harsunan ƙasashen waje, su kuwa sun riga sun sa Hausa a gida na biyu, ƙarƙashin Faransanci.

Almu ya miƙe tsaye, ko da yake ba a miƙewa a wannan zaman. Ya ce ana magana da harshen nan daga Kamlin har Damazin da Rusairis. Ya ce da shi ake shuka audugar da ƙasar ke taƙama da ita, da shi ake raɗa wa jariri suna, da shi ake kuka a makoki. Ya ce in Hausa baƙo ne to uwarsa baƙuwa ce, ita da ba ta taɓa ganin wata ƙasa ba sai wannan. Wannan ne abin da ya dame shi tun farko, ba sa'o'i ko littattafai ba. Wani daga cikinsu ya ce mai yiwuwa tsofaffi na yi, amma shin harshen gida ne mai rai, ko kuwa ragowar abin da matafiya suka zo da shi? Gardama ta yi tsawo. Sai Dakta Babikir, wani dattijo mai adalci wanda ba ya son hayaniya, ya ce abin ba na gardama ba ne. Shi zai bi Ustaz Mustafa ƙauyensu ya ji da kunnensa, abin da ya ji shi zai rubuta, lajna ta yi hukunci a kai. Kowa ya yarda.

Almu ya fito yana jin kamar ya yi tsalle. Ai ko Iya kaɗai aka bari da Dakta Babikir, kafin azahar sai ya roƙi a maido shi Hartum. Ya garzaya tashar lori ya sami Alhasan direba, ɗan ƙauyensu, ya ba shi saƙo yana tafiya yana waiwaye.

"Ka ce wa Iya da Alhaji Jibirin ina tafe ran Alhamis da mutumin lajna. Zai zo ya ji yadda muke magana."

Alhasan ya buɗe baki zai yi tambaya, amma Almu ya riga ya tsallaka titi.

To, ga abin da Almu ya manta, don ya daɗe a cikin lajnonin jami'a. A Hillat Sodangi lajna ɗaya aka sani. Bayan samun 'yancin kai, lokacin yana makarantar kwana, wasu mutane sun zo da tebur da kujeru suna tantance wanda ya cancanci jinsiyya, takardar zama ɗan ƙasa. Suka tambayi kowa inda aka haifi kakansa, suna kuma kasa kunne su ji Larabcinsa. Wani bawan Allah Mati ya amsa komai daidai, Larabci kamar Balaraben garin Shandi, har an ɗauki alƙalami. Sai jakinsa da ya ɗaure a gindin bishiya ya tsinke ya nufi buhun dawar wani. Mati ya juya ya ɗura masa ashar da Hausa, tun daga uwarsa har kakarsa. Aka ajiye alƙalami. Mati bai sami takarda ba, daga baya hawasharsa ta koma hannun wani, ya ƙare yana tsinkar auduga a gonar mutane. Tun daga ranar in mutum ya yi suɓul da baka a ƙauyen sai a ce jakin Mati ya tsinke. Ana dariya in an faɗa, amma ba wanda ya manta yadda Mati ya ƙare.

Saboda haka da saƙon ya iso, Alhaji Jibirin, shehun ƙauyen, ya tara magidanta bayan sallar la'asar. Ba wanda ya yi shakkar ma'anarsa. Yaronsu ya yi girma a Hartum, mahassada sun kai ƙara cewa ba ɗan ƙasa ba ne, an turo a binciki asalinsa, shi kuma ya yi dabara ya aiko musu gargaɗi. Suka yi shiri irin na mutanen da suka taɓa ƙonewa.

Ran Alhamis da hantsi lori ya sauke Almu da Dakta Babikir a bakin tur'a. Almu ya kasa kunne, bai jiyo kowa ba. An share hanya fes. Babu jaki ko ɗaya a ƙauyen, domin tun asuba an kora su can bayan gonaki tare da duk tsohon da harshensa ba ya lanƙwasuwa. Alhaji Jibirin ya taro su da farar jallabiya da rawani, ya yi maraba da Larabci mai kyau, ya ƙara da baitin waƙa. Yara suka jeru suka gaida baƙo da Larabci. Almu ya yi dariya, ya ɗauka karamci ne, ya juya wurin abokinsa na ƙuruciya, Abdussalami, wanda suka yi iyo tare a tur'ar nan, ya ce masa da Hausa ina gajiya, ina iyali.

Abdussalami ya dube shi ido cikin ido, ya ce da Larabci, "Ya Ustaz, wannan wane yare ne?"

Sai a nan Almu ya gane abin da ya faru. Ya bar baƙo a kan tabarma ya shiga gida-gida, takalminsa a hannu. Ya gaida mata, suka amsa da Larabci ta bayan ƙofa. Ya tsokani wata gwaggonsa da wasan da suka saba, ta ce Allah ya shirye shi, shi ma da Larabci. Ya ja Alhaji Jibirin bayan masallaci ya rantse masa cewa wannan ba waccan lajnar ba ce, ta makaranta ce, Hausar ma ake so a ji. Alhaji ya waiga hagu da dama, ya dafa kafaɗarsa, ya raɗa masa cewa ya kwantar da hankalinsa, sun gane, ai waccan ma da ta zo cewa ta yi ƙidaya kawai take yi. Ko raɗar da Larabci ya yi ta.

Saura Iya. Almu ya ja Dakta Babikir zuwa gidansu yana sauri har dattijon na haki. Suka tarar da ita zaune a kan angareb, gadon igiya, ta yi lulluɓi irin na matan Larabawa, wanda Almu bai taɓa ganin ta yi ba. Ita ba ta yarda an kai ta bayan gonaki ba, ta ce wace irin lajna ce za ta zo gidan mutum ta tarar ba uwa. Ta tashi ta kawo gahawa ta zuba musu. Kaji na shiga ɗaki, ba ta ce musu komai ba. Almu ya durƙusa gabanta.

"Iya, don Allah ki yi magana. Ko faɗa ne ki yi mini. Wanga mutum so shi ke shi ji Hausa."

Ta dube shi, idonta ya ciko. Ta ɗaga hannu ta nuna bakinta, ta girgiza kai. Ya roƙe ta, ya ambaci sunan mahaifinsa, ya ce an ce rufin ɗakin nan da Yakubu ya yi shi ya fi na kowa kyau a ƙauyen, don ya san ba ta taɓa barin wannan magana ta wuce ba. Leɓenta ya yi rawa. Ta sunkuyar da kai ta ci gaba da jujjuya finjalin da ke hannunta.

A lorin komawa Almu ya ƙi zama, ya tsaya riƙe da ƙarfe. Sun yi nisa kafin Dakta Babikir ya ce, cikin tausayi, Allah ya ba mahaifiyarsa lafiya, haka aka haife ta ko ciwo ne ya kama harshen? Nan Almu ya zauna. Ya ba shi labari duka, tun daga teburin jinsiyya har jakin Mati. Dattijon ya yi dariya a wurin jakin, sannan dariyar ta ɗauke. Ya ce ya yarda da shi, ai shi ma ba yaro ba ne, ya ga abin da aka ci da rana ba kisra irin ta Larabawa ba ce, tuwo ne da miyar kuka.

"Zan iya rubuta gaskiya," in ji shi. "In ce ƙauyen duka Hausa suke yi, sun ɓoye ne don tsoro. Lajna za ta ba ka abin da kake so. Amma sai na sa sunan ƙauyen, takarda kuwa in ta bar hannuna ban san ofishin da za ta kwana ba. Kowa a can yana da jinsiyya?"

Almu ya shiga lissafa su ɗaya bayan ɗaya. Ya san Abdussalami ba shi da ita. Ya san ta Lami a kan shaidar wani Balarabe maƙwabci aka same ta. Ya dubi gonakin auduga suna wucewa, kowace da mai ita, ya ji haushin mutanensa, ya ji haushin kansa, ya kuma ji tausayinsu. Sai da suka hango Wad Madani ya ce wa Dakta Babikir ya rubuta abin da ya ji da kunnensa kawai.

Rahoton ya zo gajere: an ziyarci wani ƙauye a Jazira, an tarar mutanensa na magana da Larabci mai kyau. Lajnar manhaja ta amince da kwas ɗin ba tare da gardama ba, majalisar jami'a ta sa hannu, aka buga shi a manhajar shekara mai zuwa a gidan harsunan ƙasashen waje, ƙarƙashin Faransanci. Abokan aiki suka yi ta taya shi murna, ƙaramin malami ya kafa kwas. Ya karɓi hannuwansu. Ya koyar da kwas ɗin shekara da shekaru, yana kai da komo a gaban allo, kuma waɗanda suka yi karatu a wurinsa sun ce ya iya koyarwa. Sau biyu ya sake neman a matsar da shi gida na farko, sau biyu aka nuna masa rahoton Dakta Babikir.

Bayan zuwan nan da Dakta Babikir, bai iya komawa Hillat Sodangi ba sai lokacin tsinkar auduga. Yana sauka daga lori ya jiyo ta, tana gaya wa wani jaki abin da take tunani game da tarbiyyarsa. Da ta gan shi ta saki tsintsiya. Ba ta bari ya zauna ba ta fara. Ta ba shi labarin yadda ta ciji harshenta ran nan har ta kwana biyu ba ta sha kunu mai zafi ba, yadda kaza ta taka mata tabarma ta haɗiye zagin, yadda ya kusa kashe ta da maganar rufin Yakubu, rufin da ke yoyo tun ranar da aka yi shi. Ta ce ta gane dabararsa sarai, dole ce ta sa ya yi ta roƙonta a gaban mutumin don kada a zarge shi. Ta ce tunda take ba ta taɓa yin abu mai wuya kamarsa ba, amma in don shi ne gobe ma ta sake.

Almu na tsaye a tsakar gida, ya rasa inda zai sa ƙafarsa. Ya zo da niyyar ya gaya mata komai. Ya dubi fuskarta, yadda take murna, ya ga ba zai iya ba.

"To, lajna ta yarda da kai?" ta tambaya.

"Ta yarda, Iya."

"Alhamdu lillahi. Mi sunka ba ka?"

Ya ce sun ba shi izinin koyar da wani harshe na ƙasashen waje. Iya Mairama ta tafa hannu, ta leƙa ta kan katanga ta sanar da maƙwabciya cewa ɗan Yakubu yanzu harshen ƙasashen waje yake koyarwa a Hartum. Ta dawo ta zauna a kan angareb ta gyara ɗankwali, ta ce maza ya faɗa mata ko kalma ɗaya ta ji yadda yake.

Almu ya durƙusa inda ya durƙusa ran nan.

"Na gode, Iya," ya ce.

"Godiya ta isa haka, ɗana," ta ce. "Faɗi kalmar, ina saurare."